Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamai masu nasihar aure da masu zaman sulhu: a bar mace da uwarta da ƙawarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, iyayenmu limamai, masu yi wa amare da angwaye nasiha a wurin walima, da dattawan da ke zama a kwamitocin sulhu na masallatai da na Hisba. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Ni 'yarku ce, malamar makaranta, kuma cikin masu sauraron karatunku nake. Abin da ya sa na rubuto muku wata nasiha ce da ta zama ruwan dare a bakin masu huɗubar aure. A ce wa amarya ta rabu da ƙawaye, su ke kashe aure, kuma ta daina kai wa uwarta labarin ɗakinta. A ce wa ango in yana son gidansa ya zauna lafiya ya rage mata zuwa gida, ya sa ido a kan wayarta. Na san inda maganar ta samo tushe. Kun ga auren da zugar ƙawa ta kashe, kun ga uwar da ta hana 'yarta zama. Amma maganin da ake bayarwa ya zarce cutar, yana kuma taɓa wani abu da lafiyar mace da ta 'ya'yanta suka rataya a kansa.

Akwai masana da aikinsu shi ne tambayar me ya sa maza da mata suka bambanta wajen riƙon abota da zumunci, kuma suna neman amsar a dogon tarihin halittar ɗan Adam, bisa ra'ayin Darwin na cewa halittu na sauyawa sannu a hankali cikin dogon zamani. Na san matsayinku a kan wannan ra'ayi, ban kuma zo neman ku sauya shi ba. Aikin nasu kashi biyu ne. Akwai abin da suka ƙirga, akwai kuma bayanin da suke bayarwa na dalilinsa. Bayanin kuna iya karɓa, kuna iya ajiyewa. Ƙirgen kuwa haihuwa ce da mutuwa da aka rubuta a littafi, da nauyin yara da aka auna a sikeli, shi nake roƙon ku duba.

A 1950 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Ian McGregor ya fara rubuta duk haihuwa da mutuwa a ƙauyen Keneba da maƙwabtansa a ƙasar Gambiya. Mutanen wurin Mandinka ne, Musulmi, manoma, masu tara mata, kuma mace ce ke tarewa a gidan miji. Zamansu bai yi nisa da na ƙauyukanmu ba. Har tsakiyar shekarun 1970 babu asibitin dindindin a wurin, yara da yawa ba sa kaiwa shekara biyar. A 2000 Rebecca Sear da Ruth Mace tare da shi McGregor suka koma kan waɗannan littattafai da tambaya guda: in an cire uwa, rayuwar wa a cikin dangi ke ƙara wa yaro lafiya? Mutum ɗaya ce ta fito fili, kakarsa ta wajen uwa. Yaron da take raye ya fi samun abinci a jikinsa, ya fi tsallake mutuwar ƙuruciya. Kaka ta wajen uba, da kakanni maza, har da uban kansa, tasirinsu a kan nauyin yaro da rayuwarsa a wannan ƙaramin shekaru bai taka kara ya karya ba. Ku lura, galibi a gidan uban yaron yake zaune, kakar da ta cece shi kuwa tana wani gida.

Bayan shekara takwas matan nan biyu suka tattara bincike 45 daga sassan duniya, na da da na yanzu, a wuraren da babu likita kusa. Mutuwar uwa ita ce babbar masifa ga jariri a ko'ina. Kaka ta wajen uwa tana taimakawa a mafi yawan wurare. Kaka ta wajen uba tana taimakawa sau da yawa, amma nata ya danganta da wuri. Uba kuwa a kashi ɗaya cikin uku na binciken ne kawai aka ga kasancewarsa ta rage mutuwar ƙananan yara. Ba na kawo wannan don in rage wa uba daraja. Ciyarwa da tarbiyya da karatu da aurarwa duk suna wuyansa, kuma amfaninsa ya fi bayyana in yaro ya tasa. Abin da lissafin ke nunawa shi ne a shekarun goyo da yaye, hannun da ke kai loma bakin yaro in uwa ta gaza hannun mace ne, kuma galibi na wadda ta haifi uwar.

Masu wannan ilimi suna da bayaninsu. Suna cewa a cikin halittu kaɗan ne mace ke daina haihuwa ta kuma rayu shekara ashirin ko talatin da ƙarfinta, kuma a ganinsu hikimar hakan ita ce ta juya ga jikoki. Kristen Hawkes ta zauna da mutanen Hadza na Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tonon saiwa. Ta ga idan uwa ta samu sabon goyo, girman yaron da aka yaye yana bin yawan saiwar da tsohuwa ta tono. A Finlan kuma, daga littattafan coci na ƙarni na 18 da na 19, binciken da aka buga a 2004 ya nuna duk shekara goma da mace ta ƙara bayan ta kai hamsin, jikokinta na ƙaruwa da kimanin biyu, musamman in tana zaune kusa. Mu da muke kai yaro yaye gidan kakarsa, muke mayar da mai cikin fari gida wanka, ba mu buƙatar a fassara mana wannan.

Akwai wani bayani nasu da ban gamsu da shi ba. Wasu na cewa kaka ta wajen uwa ta fi ƙwazo ne saboda ita ce ba ta da shakkar jikan nata ne, alhali ɓangaren uba na iya shakka. A Jamus an tambayi mutane wane kaka ya fi kula da su, ta wajen uwa ta zo farko, na wajen uba namiji ya zo ƙarshe, aka ce ga hujja. Sai Alexander Pashos ya yi irin tambayar a ƙauyukan Girka, inda ake zama a gidan uban miji, ya tarar kakannin wajen uba ne kan gaba. Ashe al'ada da kusancin gida suna da ƙarfin da za su juya abin. Ni a ganina dalilin da ya fi sauƙi ya isa: mace na jin ciwon 'yar da ta haifa a jikinta, idan 'yar ta galabaita ita ce ta farko da za ta gane. Suruka kuwa, ko mai kirki ce, akwai kunya tsakani, akwai abin da ba a iya faɗa mata.

Ba kuma cewa nake duk abin da kaka ta yi daidai ne ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta ciwon zuciyar masu jego da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon wuta, da yawan kunun kanwa. Wannan abin gyarawa ne, a gyara shi da ilimi. Hana mai jego uwarta ba gyara ba ne.

Allah ya gafarta malamai, abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne littattafan da kuke karantar da mu sun riga waɗannan masu bincike da ƙarnuka. A Risala an ce bayan saki renon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har a ɗaura mata aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da aka yi jayayya kan wa zai riƙe 'yar Sayyidina Hamza, ya ba wa ɓangaren da innarta take, ya ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take. A Muwaɗɗa kuma ga labarin Sayyidina Umar, wanda ya rabu da matarsa mutuniyar Madina. Ya je Ƙuba ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta ja har gaban Sayyidina Abubakar, wannan na cewa ɗana, wannan na cewa ɗana. Halifa ya ce wa Umar ya bar mata shi, Umar bai ƙara cewa uffan ba. A Muhtasar na Shehu Halilu an faɗa ƙarara cewa miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shigowa wurinta, in ma ya rantse ba za ta ziyarce su ba, alhali amintacciya ce, a sa shi ya karya rantsuwar ko da yarinya ce.

To ina wannan karatu yake shiga in an zo zaman sulhu? Abin da muke gani a unguwanni daban ne. Yau an yi saki, gobe an aiko a ƙwace yaro ɗan shekara biyu, wai ɗa na uba ne. A miƙa shi ga kishiyar uwarsa, ko ga tsohuwar da ƙafa ta riga ta gaza. Uwar uwa tana nan da ranta da lafiyarta, ba mai tambayar ta. Dangin matar su ma sukan yi shiru don kara, ko don tsoron in sun riƙe yaron uban zai janye ciyarwa. A nan ne muke buƙatar muryarku. Ku ne za ku iya gaya wa uba cewa nasaba tasa ce, ciyarwa a kansa take, amma reno yana da nasa tsari, kuma ba fushinsa ne ke tsara shi ba.

Sai batun ƙawa, wanda ya fi wuya, don ita ba jini ba ce, babu kuma babin fiƙihu da ya ba ta haƙƙi.

A mafi yawan al'ummomin manoma da makiyaya na duniya, mace ce ke barin gidansu. Namiji yana nan cikin 'yan'uwansa, gandu ɗaya, ƙofa ɗaya, abokan da suka yi wasan ƙasa tare suna nan a bakin layi. Ita kuwa an ɗauke ta da kuka an kai ta cikin mutanen da ba ta sani ba, a lokacin da za ta fara ciki da haihuwa. Wasu masana na ganin wannan ne ya sa mata suka ƙware wajen mayar da bare 'yar'uwa, su ƙulla amana mai zurfi da mutum ɗaya ko biyu, maza kuma suka fi sabawa da tafiya a ayari, irin na gayya da farauta da yaƙi. Wasu na musun cewa haka abin yake tun asali, don binciken da Kim Hill ya jagoranta a 2011 kan al'ummomi 32 masu farauta da tsince-tsince ya nuna a cikinsu namiji ko mace kowa na iya tashi ko ya zauna. Ko ma yaya asalin yake, a ƙasar Hausa yau mace ce ke tashi, kuma ita ce mai buƙatar wanda za ta jingina da shi a baƙon wuri.

Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka yi wa ƙawance tsari. Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta wajen 1950, ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, yadda ƙawa ke tsayawa a biki da suna, da yadda ƙaramar yarinya ke samun babbar da za ta kira yaya. Gudummawar biki da adashi ma a kan irin wannan amana suke tafiya. Macen da ke da ƙawaye na gari tana da wanda zai ranta mata kuɗin magani da tsakar dare ba tare da miji ya ji kunya ba.

Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokin aikinsa Sam Roberts sun bi wasu ɗalibai a Ingila wata 18, daga gama sakandare zuwa watsewarsu jami'o'i da wuraren aiki, don ganin wace abota ke rayuwa. Ga 'yan mata, abin da ya riƙe ƙawance shi ne yawan magana, ko a waya ko ido da ido. Ga samari, magana ba ta yi wani tasiri ba, abin da ya riƙe su shi ne yin abu tare. A wani aikin na 2012, Dunbar da wasu suka duba bayanan kiran waya kusan biliyan 2 a wata ƙasar Turai. A shekarun haihuwa, wanda mace ta fi kira namiji ne sa'anta, wato mijinta. Daga wajen shekara hamsin sai kiran ya karkata ga wata mace da ta girme wa da kimanin shekara ashirin da biyar, wato 'yarta. Don haka mijin da ya karɓe wayar matarsa don uwarta na yawan kira, ko don tana daɗewa da ƙawa, igiyar da zumuncinta ke rataye a kai ya tsinke. Shi kuma bai ji komai ba, don nasa zumuncin ba a waya yake ba. Yana majalisa, inda zai zauna har ƙarfe sha ɗaya na dare, ya dawo ya tarar da ita ita kaɗai tun safe da yara, ya yi mamakin me ya sa fuskarta a ɗaure.

Ina ba ku gaskiya a wuri ɗaya. Joyce Benenson, wadda ta daɗe tana nazarin abotar yara da matasa, ta nuna ƙawancen mata na kusa ya fi na maza saurin fashewa. Inda aka zuba sirri da yawa, in aka ɓata, ɓarnar na da yawa. Maza biyu za su yi cacar baki a majalisa gobe ka gan su a kan tabarma ɗaya, mata biyu kuwa in amana ta karye da wuya ta ɗinku. Akwai ƙawa mai hassada, akwai mai kai wa boka, akwai wadda ta aure mijin ƙawarta. Amma ba mu taɓa jin an ce wa ango ya rabu da abokai gaba ɗaya don wani aboki ya koya wa wani shaye-shaye ba. Ana ce masa ya zaɓi na gari. Ita ma abin da ya dace a ce mata ke nan, a kuma koya mata abin da ake faɗa wa ƙawa da abin da ake bari tsakanin miji da mata. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Ya san su, ya girmama su, bai ɗauke su abokan gaba ba.

Ba duk abin da masanan nan suka faɗa ne ya dace da mu ba. A 2015 wasu suka duba hotunan fuskar shafi kimanin 112,000 a Facebook, suka ce mata sun fi fitowa bibbiyu, maza a gungu, manyan gungun mata kuwa kusan babu. Wanda ya taɓa ganin mata cikin anko ranar kamu, ko ajin Islamiyyar matan aure, ko taron adashi, ya san matanmu na iya gungu sarai. Yawancin irin wannan bincike a kan Turawa da Amurkawa ake yi, kuma ko a can bambancin na galibi ne, akwai namiji mai amini guda da yake faɗa wa komai, akwai macen da ta fi son taro. Shi ya sa na fi dogara da na Gambiya, inda rayuwa ta yi kama da tamu kuma abin da aka ƙirga rai ne.

Maza ma ina jin tsoro a kansu, ko da yake ba su ne dalilin wasiƙar ba. In abotar namiji a kan yin abu tare take, to ranar da abin ya ƙare ita ma ta kama hanya. Ya yi ritaya, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko ya gina gida a bayan gari mai doguwar katanga inda babu dakali, shi ke nan. A Amurka, inda wannan ya yi nisa, mazan da suka ce ba su da amini ko ɗaya sun tashi daga kashi 3 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 15 a 2021. Kuma kaɗaici na kisa. Julianne Holt-Lunstad ta haɗa bincike 148 a 2010, na mutane sama da 300,000, ta samu masu ƙarfin hulɗa da jama'a sun fi marasa ita damar rayuwa da kashi 50 cikin ɗari a tsawon lokacin da aka bi su. Mu Allah ya rufa mana asiri da sallar jam'i sau biyar, da majalisa, da zaman makoki. Amma ku duba dattijon da matarsa ta rasu. Mace mai takaba mata na kewaye da ita wata huɗu da kwana goma. Shi kuwa bayan sadakar uku kowa ya watse, abin da ake ce masa kawai ya yi haƙuri ya nemi wata. Sau da yawa marigayiyar ce ke riƙe masa da zumuncin gaba ɗaya, ita ke tuna masa sunan wane da bikin wance, ita 'ya'ya ke kira a waya su ce a gaida Baba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, a tuna wa maza cewa ƙafar ba ta matansu kaɗai ba ce.

Roƙona gare ku bai da yawa. In za ku yi wa amarya nasiha, ku ce ta zaɓi ƙawa mai tsoron Allah ta riƙe ta, kada ku ce ta zauna ba kowa. In za ku yi wa ango, ku karanta masa abin da Shehu Halilu ya ce kan iyayen matarsa kamar yadda kuke karanta masa haƙƙoƙinsa a kanta. Mai cikin fari da ke son komawa gida wanka, ku taya ta roƙon mijin, ko a kawo mata uwarta. In an kawo muku rikicin riƙon yaro bayan saki, ku aika a kira kakarsa ta wajen uwa ta zauna a wurin kafin a yanke magana. In kuma mace ta zo gabanku ana ƙararta da baƙin rai da rashin walwala, kafin a ce aljanu ne ko rashin tarbiyya, ku tambaye ta yaushe rabonta da ganin uwarta, kuma wa take gaya wa damuwarta.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya saka muku da alheri.

Wassalam,
'Yarku, malamar makaranta.